Agogon Kwamfutar Kawu

Ranar da malamar lissafi ta kira sunana cikin waɗanda za su shiga gasar lissafi ta 'yan mata, takalmina kawai na kalla. Ta ce ta intanet ake yi, ranar Asabar cikin hutu, kowa a gidansu, kuma dole sai da kwamfuta mai kyamara. Ɗakin kwamfutar makarantarmu a kulle yake idan an yi hutu. Gidanmu a Gwadangaji kuwa babu kwamfuta, sai wayar Mama da gilashinta ya tsage ta kusurwa. Da na faɗa wa Mama, ta ce ai yayanta na Argungu yana da ita. Ta ba ni aron wayar saboda intanet, ta sa ni a mota ranar Litinin.

Kawu manomin albasa da shinkafa ne. Yana fita fadama da sassafe, ba ya dawowa sai bayan La'asar. Ba mafaɗaci ba ne, amma muryarsa irin ta mutumin da ya saba kira daga wannan gona zuwa waccan ce, ko sannu ya ce maka sai ka zabura. Idan na durƙusa gaishe shi, yatsun ƙafarsa nake kallo, da busasshen taɓon da ke gefen farce. Da na isa, ya nuna mini kwamfutar da haɓa ya ce, "Ga ta nan, ɗiyata. Ki yi aikinki, kada dai ki ɓata ta."

Baƙa ce mai nauyi, ya saye ta ta hannu a Kano shekarar da ya je sayen injin ban-ruwa. Tana kan ƙaramin tebur a ɗakinsa, an lulluɓe ta da tsohon zani. Wata siririyar waya ta fito daga gefenta, ta bi taga, ta ratsa tsakar gida a kan ƙusoshi, ta shiga ɗakin Kaka, inda wata 'yar sifika take rataye kusa da gado. Kaka, mahaifiyar Mama da Kawu, kunnenta ya yi nauyi. Lasifikar masallacin unguwa ta juya mana baya, kuma sai da wuta take aiki. Saboda haka kwamfutar ce take yi wa Kaka kiran sallar Asuba da na Magariba. Na ga wannan duka tun ranar farko, amma ban ɗauke shi wani abu da ya shafe ni ba.

Masu gasar suna da doka. Kafin ranar jarrabawa sai an tantance kwamfutar da za a yi amfani da ita, a duba kyamara, a duba agogo. Idan an tantance, ba a so a sake taɓa agogon da hannu, domin wasu suna mayar da shi baya su ƙara wa kansu lokaci. Wanda aka ga agogonsa ya motsa, sai ya sake tantancewa, kuma ba a barin mutum ya yi ta sakewa yadda ya ga dama. Idan damar ta ƙare, an cire ki.

Na buɗe shafin, kyamara ta nuna fuskata da hijabi a karkace, sai jan rubutu ya fito yana cewa agogon wannan kwamfuta bai yi daidai da nasu ba. Na duba wayar Mama, na duba kusurwar allon. Kwamfutar tana baya da kamar kwata, minti goma sha biyar.

Wannan bai tayar mini da hankali ba, domin Malama ta nuna mana yadda ake yi. Ana shiga wurin saitin kwanan wata da lokaci. A tabbatar yankin lokacin namu ne na Afirka ta Yamma. A kunna wani ɗan makunni da yake barin kwamfuta ta karɓi lokaci daga intanet da kanta. Sannan a danna inda aka ce a daidaita yanzu. Malama ta ce abin da ke faruwa shi ne, kwamfutarki tana aika tambaya ga wata babbar kwamfuta a nesa wadda agogonta ba ya kuskure, ta ce mata ƙarfe nawa, ta lissafa ɗan lokacin da amsar ta ɓata a hanya, sannan ta gyara kanta. A aji abin ya burge ni.

A gidan Kawu bai burge ni ba. Cikin ɗakin babu sabis ko sanda ɗaya. Sai an kai wayar bakin katanga, kusa da inda ake shanya tabarmi, kafin ta kama. Idan kuma na kai ta can, ta yi wa kwamfutar nisa. Na yi ta gwaji har na gano wuri guda, a kan turmi idan an kife shi, inda wayar take kama sabis kuma kwamfutar take jin wayar. Sai in ɗora ta a kan turmin, in ruga ɗaki in danna, in ga wani ɗan zobe yana juyawa, yana juyawa, sannan ya ce ya kasa. In fito in gyara wa wayar zama, in sake rugawa.

Kaka tana zaune a inuwa tana tsince shinkafa a faifai, idonta yana bina kai da kawowa.

"Ke 'yar birni, wagga wace irin rawa ta?"

"Agogo nake gyarawa, Kaka."

"Mi?"

"Agogo!"

"Agogo shina bisa turmi?"

Ban iya bayani da ƙarfi ba, kuma Kaka ba ta jin bayani a hankali, don haka na yi murmushi na koma. Can dai, bayan na canza sunan babbar kwamfutar da ake tambaya zuwa ta biyun da Malama ta ba mu, sai lambobin kusurwa suka yi tsalle gaba. Suka zama ɗaya da na wayar. Na yi tantancewa, rubutu ya fito kore. Na lulluɓe kwamfutar da zaninta, na je na taya Kaka tsintar shinkafa da zuciya wasai.

Washegari da safe na buɗe don in yi gwajin tambayoyi, sai ga jan rubutu. An taɓa agogo, a sake tantancewa. Na duba kusurwa: kwata a baya. Makunnin da na kunna jiya a kashe yake.

Na ce watakila ban danna da kyau ba. Na kife turmi, na sake rawar jiya gaba ɗaya, wannan karon da wata kaza da ta ga wayar ta ɗauka abinci ce. Rubutu ya koma kore. Ranar Laraba na tashi, ja. Na ji kamar in ɗauki kwamfutar in kai ta gulbi. Na sake gyarawa, don haushi har na danna wurin da ba shi ba sau biyu. Ranar Alhamis kuma ja, amma yanzu da ƙarin layi a ƙasa: saura dama ɗaya, kuma za a rufe tantancewa gobe Juma'a da La'asar.

Na fita bakin katanga na kira Malama. Muryata ta ƙi fitowa sosai, sai da ta ce in ɗaga. Ta ce akwai wani ɗan batiri a cikin kwamfuta, kamar maɓallin riga, wanda yake riƙe agogo idan an kashe ta. Idan ya mutu agogo yana rikicewa.

"Kwanan watan ma yana canzawa? Tana komawa wata tsohuwar shekara?"

"A'a, Malama. Kwata ne kawai, kullum kwata."

Sai ta ce, "Makunnin kuma a kashe kike samunsa?"

"E."

"To mataccen batiri ba ya kashe makunni. Ki buɗe ido."

Na koma ɗakin na tsaya ina kallon teburin kamar ban taɓa ganinsa ba. Ni idan na lulluɓe kwamfutar, gefen zanin mai ɗinki nake sakawa ta baya. Yanzu yana ta gaba. Kujerar ta ja baya fiye da yadda ƙafafuna suke bukata. Na sunkuya na shinshina madannan, albasa. Amma ai ɗakin duka albasa yake yi, har filon kujera. Kuma me zai sa babban mutum ya dawo daga fadama a gajiye ya zauna yana ɓata agogon kansa? Tambayar da ya kamata in yi ke nan, ga wanda ya kamata in yi wa. Na gwada ta a bakina sau da yawa. "Kawu, ko kana taɓa agogon?" Kowane karo sai in ji kamar ina tuhumarsa da sata a gidansa.

Sai na yanke abin da ya fi mini sauƙi. Na daidaita agogon, ban taɓa damar ƙarshe ba, na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin na zauna gadi, kamar mai tsaron shanya daga kaji. Idan agogon ne yake ja da baya da kansa, zan gan shi. Idan hannu ne, zan ga hannun.

Ranar kuwa Kaka tana azumin Alhamis. Kawu kuma bai dawo bayan La'asar ba. Ashe injinsa ne ya ƙi tashi. Na yi ta leƙa kusurwar allo, agogo yana tafiya daidai da waya, babu abin da ya motsa. Yamma ta yi, Kaka ta fito da 'yar tasarta ta dabino da kofin ruwa, ta zauna bakin ƙofarta inda take jin sifika. Ni ina kallon katangar gabas. Rana tana nan a samanta, wani jan layi mai faɗin tafin hannu, har ina ganin inuwar ganyen dogonyaro tana motsi a kai.

Sai kwamfutar ta ɗaga murya. Allahu Akbar.

Kaka ta yi bisimilla, ta ɗauki dabino. Na kalli katanga, na kalli hannunta yana tafiya baki. Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ji wata murya mai ƙarfi tana cewa, "Kaka, rana ba ta faɗi ba!" kuma na sami kaina riƙe da wuyan hannunta. Dabinon ya faɗi ƙasa, kazar nan ta turmi ta sure shi ta yi bayan rumbu.

Daidai nan Kawu ya faɗo gidan da gudu, wandonsa a naɗe har gwiwa, hannunsa baƙi da man inji. Tun daga zaure ya jiyo kiran.

"Inna, kada ki sha! Kada ki sha, da saura! Aljanin nan ya sake!" Ya tsaya yana haki. "Kwana ukku ina hwama da abin ga. In gyara da marece, in dawo in iske ta ruga gaba. Wallahi gobe sai na kai ta wurin mai gyara, ko in sai da ta."

Na saki hannun Kaka, na koma bayanta na rakuɓe. Kaka ta dubi ɗanta, ta waiga ta dube ni, ta dubi turmin da ke kife a tsakar gida.

"Aje kuɗinka," ta ce. "Ga aljanin nan bayana da hijabi."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Kawu ya ce in fito in faɗa masa abin da nake yi wa kwamfutarsa. Na durƙusa, na fara da muryar da ko ni ban ji ba. Ya ce in ɗaga. Kaka ta ce ai ɗazun da na kusa fasa mata kunne ba a roƙe ni ba. Haka na yi bayanin gasar, da jan rubutu, da damar da ta rage, idona a kan yatsun ƙafarsa.

Shi ma ya yi nasa, da ƙarfi. Wanda ya sayar masa da kwamfutar a Kano shi ya saka mata kiran salla. Da ya kawo ta gida, ranar farko ta kira Magariba rana tana tsaye. Ya gane lokacin Kano ne a cikinta, su kuwa Kano rana tana riga faɗuwa can. Sai ya zauna da ita kwana da kwanaki, yana ja da agogon baya kaɗan-kaɗan, har ta riƙa buɗe baki tare da ladanin unguwa. Tun daga nan kullum ya dawo sai ya duba, ya tabbatar tana bayan wayarsa da kwata. Shekara da shekaru Kaka ba ta taɓa shan ruwa kafin lokaci ba.

"Kawu," na ce, "agogon Kano da na Argungu ɗaya ne. Ranar ce ba ɗaya ba."

"To ni mi nic ce?"

"A cikin kiran sallar za a canza gari. Agogon a bar shi."

"Gari kuma? Shina da gari ciki?"

Ladan ya kira a lokacin, Kaka ta ɗauki wani dabinon tana harararmu duka. Bayan salla Kawu ya ja kujera ya zauna a gefena, yana numfashi a kan kafaɗata, na buɗe manhajar kiran sallar. Na sha wahala kafin na samo wurin, yana ɓoye can ƙasa. Ga Kano a rubuce. Na danna, garuruwa suka zubo. Na bi su sama da ƙasa, babu Argungu. Akwai Birnin Kebbi.

"Babu mu?" in ji Kawu.

"Babu, Kawu. Amma Birnin Kebbi kusa ce, bambancin ba zai kai komai ba."

Kaka, wadda ba ta jin komai idan an kira ta cin abinci, ta jiyo wannan daga ƙofa. "Argungu guda babu, sai Birnin Kebbi? Wa yar rubuta abin ga? Mu da munka riga su zama gari?"

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce ya ji, a saka Birnin Kebbin, a bar agogon ya bi intanet. Amma gobe zai tsaya da kunnensa. Idan ta saɓa da ladan, zai ja agogonsa inda yake, gasa ko ba gasa, domin azumin uwarsa ba abin gwaji ba ne. Da Asuba babu wuta, lasifikar masallaci ba ta yi magana ba, ba a sami abin aunawa ba. Saura Magariba. Tantancewa kuwa da La'asar za a rufe.

Na wuni ranar Juma'a ina jin haushin kowa: mai shagon Kano, masu gasar, turmi, kaza, da wanda ya manta Argungu. Kafin La'asar na kife turmin, na danna daidaitawa, na duba makunnin sau uku, na yi amfani da damar ƙarshe. Kore. Daga wannan lokacin, ko minti ɗaya aka taɓa, shi ke nan.

Kawu ya dawo da wuri, ya yi wanka, ya tsaya a tsakar gida tsakanin zaure da ɗakinsa, kai a karkace. An kawo wuta. Na zauna a bakin ƙofar ɗakin, ba a gefe ba, a tsakiya. Jan layin katanga ya sirance, ya sirance, ya ɓace. Tsuntsaye suka gama hayaniyarsu a dogonyaro. Sai kwamfuta ta kira.

Masallaci shiru.

Kawu ya dube ni. Kwamfuta ta kai shahada, masallaci shiru. Ya fara takowa wajen ɗakin. Ya iso gabana ya tsaya, domin babu ta inda zai wuce. Ban taɓa tare wa babba hanya ba a rayuwata, amma ban matsa ba.

"Kawu, don Allah ka dubi katanga. Ranar ta faɗi."

Ya waiga ya duba. Ya ɗaga kai ya dubi yamma ta saman rumbu.

"Ladan bai kira ba," ya ce, amma a hankali, irin yadda ban taɓa jin ya yi magana ba.

"Wanga ladan?" in ji Kaka daga kan dardumarta. "Tun shina yaro uwarshi ka aike nai da sahe ya dawo da azahar. Yanzu haka takalminai ɗaya shika nema."

Sai lasifikar masallaci ta yi ƙara, aka hura ta sau biyu, tsohon ya yi gyaran murya ya fara. Kawu ya tsaya yana saurare har ya kai tsakiya. Sannan ya ɗauki butarsa.

"Har gobe da azahar," ya ce da ni. "Ba ni taɓa ta."

Ranar Asabar da safe na buɗe, rubutu kore. Kawu da kansa ya kife turmin ya ɗora wayar, ya kori kazar, ya tsaya gadi a rana bai je fadama ba sai da na gama. Tambayoyin suna da wuya, biyu ban ma taɓa su ba, amma an bar ni na shiga, na kuma fita da kaina lokacin da agogo ya cika. Bayan hutu Malama ta ce na wuce zagaye na biyu, wanda aka yi shi a makaranta, da kwamfutocin da babu mai jan su baya.

Ranar Lahadi da zan koma Gwadangaji, na shiga ɗakin ɗaukar cajar Mama. Zanin yana lulluɓe, gefen ɗinki ta gaba. Na ɗaga, na buɗe, na duba kusurwa. Birnin Kebbi tana nan a manhajar, bai canza ba. Makunnin a kashe. Agogon yana bayan wayar Mama da minti biyu, daidai lokacin da ladan yake ɗauka yana neman takalmi.

Na kai yatsa kan makunnin, na tsaya. Daga zaure Kawu yana kira cewa mai babur ya iso, in yi sauri. Na mayar da zanin yadda na same shi, gefen ɗinki ta gaba, na fita.